Allah Ya Saka wa Masu Hutar da Ɗalibi Tunani

Muna da wani hali da ya kamata mu tuba daga gare shi, wato ƙin gode wa mai alheri yana raye. Sai ya mutu mu cika maƙabarta muna faɗin an yi babban rashi. Shi ya sa na ga ya dace, tun da sauran numfashi, a miƙa jinjina ga wasu bayin Allah da suka warware matsalar da ta gagari manyan jami'o'in Amurka da Ingila shekara da shekaru, wato yadda za a taimaki ɗalibi ya samo abin da zai rubuta. A can har gobe ana ta taro, ana buga littattafai, ana buɗe cibiyoyi don a koya wa yaro tono tunani daga cikin kansa. A nan kuwa, cikin ikon Allah da haɗin kan hukumomi da malamai da masu shagunan fotokofi na bakin get, an gano cewa ba sai an sha wannan wahala ba. Ɗalibinmu zai shiga jami'a, ya yi shekara huɗu, ya fito da kundi mai babi biyar da bango mai rubutun ruwan zinare, ba tare da an taɓa takura masa da tambayar "kai me ka gani?" ba. Wanda bai ga rahama a nan ba, ya binciki zuciyarsa.

Ba a sanin girman ni'ima sai an dubi azabar da ake gana wa 'ya'yan mutane a wasu wurare. Akwai wani Ba'amurke, Peter Elbow, wanda shi kansa rubutu ya taɓa gagararsa har ya ajiye karatun babban digiri da yake yi a Harvard. Maimakon ya nemi wanda zai rubuta masa, yadda duk mai hankali zai yi, sai ya zauna yana nazarin abin da ke toshe shi. A 1973 ya fitar da Writing Without Teachers, littafin da ke da'awar ana iya koyon rubutu ba malami tsaye a kai. Ka ji mai son raba mutane da abincinsu. Dabararsa ita ce ɗalibi ya ɗauki biro ya yi ta rubutu na kamar minti goma, ba tsayawa, ba gogewa, ba waiwayen ƙa'idar rubutu. In abin faɗa ya ƙare, ya rubuta cewa ya ƙare, ya ci gaba har wani abu ya faɗo. Hujjarsa wai mai ƙirƙira da mai gyara ba sa aiki lokaci guda a kai guda. In mai gyara ya riga tashi, sai ya shaƙe kowace jimla tun ba ta fito ba. Wai a bar shirme ya zubo tukuna, a cikinsa za a tsinci jimla ɗaya mai rai, sai a ɗauke ta a sake ba ta wani minti goman.

A ƙaddara an shigo da wannan fitina ajinmu. Ga yarinya ta taso daga unguwar da famfon burtsatse ya mutu wata uku bayan an buɗe shi da kiɗa da jawabai. Ka ce mata ta rubuta duk abin da ya zo mata. Minti biyun farko za ta rubuta zafi da yunwa da kuɗin adaidaita. Minti na biyar ta iso kan jarkokin da ƙannenta ke ɗauka kafin su tafi makaranta. Kafin minti na goma ta fara tambayar wa aka ba kwangilar, nawa aka ce an kashe, kuma me ya sa mai sayar da ruwa na bakin layi ya ƙara kura biyu a watan da famfon ya tsaya. To ga shi nan, ta sami abin rubutawa, har da tambayar bincike, har da mutanen da za ta je ta tambaya. Wa zai kwashe wannan rigimar? Malamin da ya ba ta minti goman ne zai raka ta gidan kansila? Gara a kashe maganar tun a minti na ɗaya, kuma alhamdu lillahi haka ake yi.

Kafin Elbow an yi Alex Osborn, wanda ma ba malami ba ne, ɗan kamfanin talla ne a birnin New York. Littafinsa na 1953, Applied Imagination, shi ya yaɗa al'adar tara mutane a ɗaki kowa ya jefo abin da ya zo bakinsa, da sharaɗin kada a kushe wa kowa, a nemi yawa kafin a nemi kyau, a yi maraba da maganar da ta yi kama da hauka, kuma kowa na iya ɗorawa a kan ta wani. Sharaɗin farkon nan kaɗai ya isa ya rusa tarbiyya. Ajin da ɗalibi zai buɗe baki ba a ce masa "zauna, me ka sani?" ba, ai ya tashi daga aji. Su kansu masu abin, wani bincike da aka yi a Jami'ar Yale a 1958 ya nuna musu cewa in kowa ya zauna shi kaɗai ya rubuta nasa, an fi samun dabaru da yawa a kan in an tara su wuri ɗaya. Sai masu bin hanyar suka yi kwaskwarima, kowa ya fara rubuta nasa shiru sannan a haɗa a tattauna. Wahala a kan wahala. Mu da ba mu fara ba, ba mu da abin gyarawa.

Wata malama a Kalifoniya, Gabriele Rico, ta zo da tata a 1983: a rubuta kalma ɗaya a tsakiyar takarda a zagaye ta, a yi ta fitar da rassa zuwa duk abin da ta tuna wa mutum, har takarda ta cika, sannan a duba reshen da ya fi nauyi. Wasu sun ce a aro tambayoyin 'yan jarida, wa, me, ina, yaushe, yaya, don me. Wasu sun koma har kan Aristotle, wanda fiye da shekara dubu biyu da suka wuce ya lissafa wuraren da mai neman hujja zai leƙa, irin su ma'anar abu, da sababinsa, da kishiyarsa, da abin da ya yi kama da shi. Dukkansu a wuri ɗaya suka ɓata: sun ɗauka akwai wani abu a kan ɗalibi da ya cancanci a fito da shi.

Tamu hikimar ba a jami'a take farawa ba, kuma adalci ne a ba kowa haƙƙinsa. Malamin firamare ne ke aza harsashi ranar da ya rubuta insha'i a allo a kan "babban abokina", yara suka kwafe, aka wayi gari duk ajin abokinsu ɗaya, sunansa ɗaya, dogo ne, yana son shinkafa da wake, kuma likita yake so ya zama. A sakandare a haddace wasiƙa zuwa ga kawu ana neman kuɗin makaranta, da muhawarar likita da manomi wa ya fi amfani, a adana su don ranar WAEC da NECO. Sai JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta kammala ladabtarwa. Tun 2015 jarrabawarta gaba ɗaya a kwamfuta ake yi, amsoshi huɗu an riga an tanada, aikin yaro ya danna ɗaya. Wanda ya ratso wannan tankaɗe da rairaya yakan iso jami'a da cikakken yaƙini cewa kowace tambaya a duniya amsarta na hannun wani, abin da ya rage a san wane ne, kuma nawa ne.

A shekarar farko akwai kwas ɗin Turanci da rubutu da Hukumar Kula da Jami'o'i ta wajabta wa kowa. A babban ɗakin lacca ake yinsa, ɗaruruwan mutane, wasu a kan taga, wasu a waje suna bin lasifika in an yi sa'a akwai wuta. Kada mai hassada ya ce ba a koyar da dabarun nan na Turawa. Ana koyarwa sarai. Ana karanto ma'anar kowacce, da ire-irenta, da fa'idodinta guda biyar, ɗalibai su rubuta. Ranar jarrabawa, wadda a wurare da yawa ita ma a kwamfuta ce, sai tambaya ta fito: wanne ne daga cikin waɗannan ba ya cikin matakan shirya rubutu? Yaro ya danna, ya ci. Ya tashi da babban maki a kwas ɗin rubutu bai rubuta sakin layi ɗaya ba. Wannan nasara ce da ta cancanci a kai ta baje koli.

Sai hando, Allah Ya ƙara masa albarka. An sha hana sayar da shi a hukumance, sai ya sa bango ya koma littafi, ya ci gaba da hidimarsa ba ya ko fushi. Inda ba hando akwai shifta: Malam na karantowa daga takardar da ta yi ja don tsufa, yana faɗin waƙafi, aya, sabon layi, hannuwa na gudu. Wani lokacin takardar ita ce wadda shi ma malaminsa ya karanta masa, ka ga ilimi mai isnadi, ba a sami mai ƙari ko ragi a cikin maruwaita ba. In wani mai rawar kai ya sako misalin kansa a jarrabawa, jan biro na nan: ba haka na ba ku ba. Paulo Freire, ɗan Brazil, ya yi ƙorafi a ƙarshen shekarun 1960 cewa makaranta ta mai da ɗalibi asusun banki, malami ya zuba, ranar jarrabawa ya cire. Shi da sunan zagi ya faɗa. Amma duk wanda ya tsaya layin banki a Nijeriya lokacin canjin kuɗi na farkon 2023 ya san cewa asusun da zai mayar maka da abin da ka zuba cif-cif, a ranar da ka nema, ba abin rainawa ba ne. Da haka ƙwaƙwalwar yaro za ta kai aji huɗu kamar kwanukan jeren amarya, tana ƙyalli a kabet, ba a taɓa ɗora ta a wuta ba.

A aji huɗun ne ake samun ɗan haɗari, don a nan ake cewa kowa ya kawo tofik uku na furojet. Ran nan sai ka ga fuskoki sun canza. Mutumin da shekara goma sha shida ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba, yau an ce ya kawo har uku. Da ba don masu agajin gaggawa na bakin get ba, da wani ya faɗa cikin tunani ba shiri.

Shagon ba ya ɓoyuwa. Janareta na kuka a ƙofa, injin fotokofi na fitar da takarda da ɗuminta, an jera bangon kundaye a kan kanta, baƙi da kore da shuɗi. A ƙurya akwai matashi gaban kwamfuta, ɗalibai na ce masa Farfesa, kuma in za a bi yawan kundayen da suka fita daga hannunsa, ba a yi masa ƙari ba.

"Oga Farfesa, tofik nake nema."

"Wane dipatimen?"

"Soshiyoloji."

"Shaye-shaye kake so, ko mutuwar aure, ko bara, ko rashin aikin yi?"

"Wanne ya fi sauƙi?"

"Duk ɗaya ne. Kai ɗan wace ƙaramar hukuma ne?"

Yaro ya faɗa. Akwai wani umarni a kwamfuta da ke nemo kalma duk inda take a rubutu ya musanya ta da wata. Kafin ruwan leda ya ƙare a hannun yaron, shaye-shayen wata jiha ya yi ƙaura zuwa garinsu, da sabubbansa, da alƙalumansa, da teburansa, da shawarwarinsa, har da godiya ga iyaye. Abin da ya rage a sa sunan mahaifiyarsa a shafin sadaukarwa.

A nan ne ya kamata masana tattalin arziki su tsaya su yi nazari. Nijeriya na da ƙananan hukumomi 774, Kano kaɗai na da 44. Ke nan tunani ɗaya tak, "tasirin kaza a kan kaza, nazari a ƙaramar hukumar kaza", ya ishi ɗalibi 774 su kammala digiri ba wanda ya taka sawun wani. In an zagaye ƙasar, a cire "tasirin" a sa "rawar da kaza ke takawa", a sake zagayowa. In wannan ma ya ƙare, akwai "matsaloli da hanyoyin magance su". Hanyar Elbow, in ta yi kyau ƙwarai, tunani ɗaya take ba ɗalibi ɗaya. Tamu digiri ɗari bakwai da ɗoriya take fitarwa daga tunani ɗaya, wanda shi ma ba lallai a nan aka yi shi ba. Gaskiya ne akan sami ɗan tuntuɓe. Wani lokacin sunan tsohon garin yakan tsira a tsakiyar babi na huɗu, saboda mai kundin na asali ya yi kuskuren harafi a wurin, kwamfuta ba ta gane shi ba. Wani lokacin a sami bayanin matsalolin masunta a ƙaramar hukumar da kududdufinta ba ya kai Kirsimeti. Amma wa ke karanta tsakiyar babi na huɗu?

Duk da wannan tanadi, ba a rasa wadda ƙaddara za ta hau. Irin yarinyar nan ce da ke sauraron tsofaffi in suna hira. Za ta shiga ofis da takarda ɗaya a hannu.

"Ranka ya daɗe, ina so in yi a kan adashin matan unguwarmu. Uwar adashin ba ta karatu, ba ta rubuta komai, amma shekara da shekaru ba a taɓa rigimar kuɗi ba, kuma matan sun ƙi kai kuɗinsu banki. Ina so in gano dalili."

"Wa ya taɓa yi?"

"Ban ga wanda ya yi a wajenmu ba, Malam, shi ya sa nake..."

"To babi na biyu daga ina za ki kawo shi? Daga bakin uwar adashin? A wace shekara aka buga ta? Jeki ki kawo abin da ke da litireca."

Bayan mako ɗaya ta dawo da tasirin bankunan ba da ƙananan rance a kan ci gaban mata, aka sa hannu, kowa ya huta. An ceto ta daga yawo gida-gida cikin rana, an ceto matan unguwa daga tambayoyi, an ceto ilimi daga sanin wani abu da bai sani ba jiya. Kuma dubi kyawun ƙa'idar: dole aikinki ya cike giɓin da ba wanda ya cike, kuma dole ki kawo shafi ashirin na waɗanda suka riga suka cike shi. Wanda ya iya tafiya a kan wannan siraɗi ba abin da zai gagare shi a aikin gwamnati.

Kada a ɗora wa Malam dukkan yabon, don ba shi kaɗai ya yi aikin ba. Gwamnati na da kaso mafi tsoka. Ita ta tabbatar an ba mutum ɗaya ɗalibai masu yawa ya duba, ga lacca, ga makin jarrabawa, ga albashin da ba ya kai tsakiyar wata. Yajin aikin ASUU na 2020 ya ci wata tara, na 2022 ya fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, aka kuma riƙe albashi. Da aka dawo, sai a matse zangon karatu a tura kowa waje don na baya su shigo. A irin wannan hali, ɗalibi mai tunanin kansa bala'i ne: sai an zauna da shi, an saurare shi, an yi gardama, an karanta abin da ya rubuta da gaske. Mai kundin shago kuwa minti goma da rula ya ishe shi. A auna gefen takarda, a duba tazarar layi, a tabbatar harafi Times New Roman ne mai lamba 12, a ga ko waƙafin manazarta ya bi tsarin APA. Jan biro zai yi aiki a kowane shafi, ba wanda zai ce ba a duba ba, kuma ba a taɓa ma'ana ko da kuskure ba.

Babi na uku da na huɗu su ne inda ɗalibanmu ke nuna tausayinsu ga talaka. Ƙa'ida ta ce a raba takardar tambayoyi. Rensis Likert ya tanadi ma'auni tun 1932, na yarda ƙwarai, na yarda, ba ni da tabbas, ban yarda ba, ban yarda ba sam. Taro Yamane ya ba da lissafin yawan mutanen da za a tambaya a littafinsa na 1967, kuma albarkar lissafin ita ce in jama'ar gari na da yawa, amsar kullum dab da 400 take tsayawa, ko garin Bichi ne ko Legas. To mutum ɗari huɗu, kowa da sana'arsa, a bi su a hana su neman abinci? Ɗalibi mai tarbiyya ba zai yi haka ba. Zai sami inuwar darbejiya a bayan hostel, ya kira abokai uku, a sayo biro shuɗi da baƙi, a raba takardu. Wannan ya zama magidanci ɗan shekara arba'in, wancan ya zama bazawara mai 'ya'ya biyar. In hannu ya fara kama da juna a koma hagu. A ɗan cukuikuye wasu, a ɗiga wa ɗaya manja don a ga alamar ta shiga gari. Sannan a rubuta cewa an raba 400, amma 380 da 'yan kai ne suka dawo, don an san mutanenmu da rashin mayar da takarda. Wannan ƙarshen shi ke burge ni, yaro ya san al'ummarsa har ya san yadda za ta saɓa masa alkawari ba tare da ya je wurinta ba. Da ya je, wataƙila wani tsoho ya faɗa masa abin da babu shi a babi na biyu, lissafi ya rikice. A inuwar darbejiya kuwa sakamako bai taɓa saɓa wa hasashe ba. Babi na biyar kuma sai shawarwari: gwamnati ta tashi tsaye, iyaye su sa ido, malaman addini su faɗakar. Shawarwarin nan uku sun dace da shaye-shaye, sun dace da zaizayar ƙasa, sun dace da cutar kaji.

In mutum na son ya san inda muka fito, ya dubi magabata da irin rashin tsarin da suka yi aiki a ciki. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Abubakar Imam, yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya kawo Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara ya kawo Ganɗoki. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo Shaihu Umar. Muhammadu Gwarzo ya kawo Idon Matambayi. Ba wanda ya tambaye su wa ya taɓa yi, alhali a boko ba wanda ya taɓa yi. Da sun faɗa hannun mai duba aiki na zamaninmu, da an mayar da su su nemo litireca, da yanzu ɗaliban Hausa sun huta da karanta su. Wani zai ce ai Imam ma ya yi aro, tunda labaran Magana Jari Ce da yawa daga littattafan Larabawa da Turawa da wasunsu ya samo tushensu. Haka ne, amma dubi ɓarnar lokacin da ya yi: ya narka su, ya sa musu sarki da waziri da aku, ya ba su bakin Hausa, har mai karatu ya rantse a bayan gidansu abin ya faru. Wannan ai taɓa kayan mutane ne. Ɗalibinmu ya fi shi riƙon amana, yadda ya ɗauko haka yake miƙawa, har da kuskuren mai shi.

Mamman Shata kuwa abin nasa ya fi muni, don shi a tsaye gaban jama'a yake ƙirƙirar waƙa, da abin da idonsa ya gani a wurin, ba shimfiɗa ba farfajiyar bincike. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma tun kafin rasuwarsa a 1999 har yau ɗalibai na rubuta kundaye a kan hikimarsa, wannan na kwafar wancan, abin da ke nuna an ɗauki darasin yadda ya kamata. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta dubi abin da ke faruwa da mata a gidajen Kano ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ka ga illar rashin zurfin karatu: ba wanda ya sanar da ita cewa abin da mutum ya gani da idonsa ba ya zama abin rubutu sai wani ya riga shi bugawa.

Da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 an ji wa Farfesan bakin get tsoro, ana cewa kasuwarsa ta mutu. Ashe ma'aikaci ya samu wanda ba ya neman albashi. Makarantu suka kawo Turnitin don kama kwafe, shago ya buɗe sabon reshe na sauke kashi: a juya jimla, a musanya kalmomi, har na'ura ta ce ba ta taɓa ganin wannan rubutu ba, kuma da gaskiyarta, don ba mahalukin da ya taɓa magana haka. Na'ura ta rubuta, na'ura ta juya, na'ura ta duba, mutum ya biya kuɗin bango. Wani abin sha'awa, manhajar ChatGPT kan ƙago manazarta in ta rasa, ta ba ka sunan marubuci da shekara da mujalla, duk ba su taɓa wanzuwa ba. Mun kai matsayin da ba ɗalibi kaɗai aka hutar ba, har malaman da yake kafa hujja da su an hutar da su zuwa duniya. Akwai masu ba da shawarar wai ɗalibi ya fara rubuta nasa ra'ayin, sannan ya sa manhajar ta yi masa gardama, ta nuna masa inda hujjarsa ta yi rauni. Wannan sai wanda ke da ra'ayi, kuma an riga an yi mana rigakafi.

Saura ɓaraka ɗaya, kuma amana ce in faɗa. A kusan kowace tsangaya akwai malami ɗaya ko biyu da suka ƙi bin jama'a. Za ka ga malama ta shigo aji ta ce a rufe hando, kowa ya rubuta abin da ya ba shi haushi a makon nan, minti goma, ba maki. Ta tura yara tasha da kasuwar hatsi da layin asibiti, ta ce kowa ya dawo da tambaya biyar da ba su da amsa a littafi. Ta haɗa su bibbiyu, wannan ya faɗa wa wancan abin da yake son rubutawa da baka, da Hausa ma in ya fi masa sauƙi, wancan ya yi ta ce masa "to sai me?" har magana ta fito. Da dare ta zauna da fitilar waya tana karanta rubutun da ba wanda zai biya ta karantawa, tana rubuta tambayoyi a gefe maimakon ta auna gefen. Illar ba ta daɗewa take bayyana. Yaran sukan fara ɗaga hannu a ajin wasu malaman. Akan sami wanda zai tambayi inda kuɗin ɗakin gwaji da ake karɓa kowace shekara ke tafiya, tunda ɗakin a kulle yake.

Ina ba hukuma shawara ta kafa kwamiti mai ƙarfi ya binciki irin waɗannan malamai, a ba shi mako shida ya kawo rahoto. Kada 'yan kwamitin su damu da abin da za su rubuta. Farfesa na da rahoton wani kwamiti a kwamfutarsa, da sakamakon bincike da shawarwari, sunan malamar kawai za a musanya.